Cibiyar gyaran masu shaye-shaye da muka kai Autanmu a Kano: abin da na gani da idona

Duk wanda ya tambaye ni ko wannan cibiyar ta ci kuɗinta, amsata e ce, amma e mai sharaɗi, kuma sharaɗin nan ne ya sa na zauna yin wannan dogon bayanin. Ba zan kama sunan wajen ba, domin wanda ya san ni ya san gidanmu, wanda ya san gidanmu kuwa ya san Autanmu, yaron nan kuma yanzu ne yake ƙoƙarin tsayawa da ƙafarsa, ba zan tona masa asiri ba. Abin da zan iya faɗa shi ne wajen mai zaman kansa ne a bayan gari, wani ƙaton gida ne aka gyara, maza zalla suke karɓa, kuma irinsa sun yi yawa yanzu a Kano da Kaduna da Abuja, saboda haka ko wani wajen daban mutum zai je, abin da na gani a nan zai yi masa amfani in sha Allah.

Auta adaidaita yake ja. Da tiramol ya fara, kuma kamar yawancin 'yan uwansa masu adaidaita ba don nishaɗi ya fara ba, don ƙarfin aiki ne, ya fita tun asuba sai dare, ya haɗa balans ɗin mai mashin ya samu na kansa, bayansa ya daina ciwo. Hukumar NAFDAC ƙwaya mai miligiram 50 da mai 100 kawai ta yarda a sayar, ita ma sai da takardar likita, amma wadda ke yawo a tasha da bakin kasuwa mai 200 ce da 225 har da 250, ta fasa-ƙwauri, shi kuma sai da ya kai yana haɗiye biyu uku a rana. To tiramol in ta yi yawa hana barci take, sai ya ƙara da rochi da daddare don ya samu ya runtsa, wata rana diyazafam. Mu a gida abin da muka gani kawai rama ce da saurin fushi da yawan susa, ga abinci ya daina ci sai lemon kwalba. Ranar da ya faɗi a bakin titi yana shure-shure kumfa na fita a bakinsa, mutane suka ce aljanu ne, wasu suka ce farfaɗiya ce ta kama shi da girma, sai a asibiti likita ya ce mana tiramol da kanta tana jawo wannan jijjigar in an sha ta wuce kima, kuma Allah ne ya tsare ba a kan tuƙi yake da fasinja ba.

Kafin mu yanke shawara an sha ja-in-ja a gida. Kawunmu ya dage a kai shi gidan mari, wai watanni shida a mari da bulala da karatu zai dawo hayyacinsa. Ni kam na ƙi, domin ban manta abin da aka gani a Rigasa ta Kaduna ba a watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon duka, bayan nan aka sake gano irinsu a Daura da Katsina. Akwai hanyar gwamnati kuma, asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau nan Kano, na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, ita ma NDLEA tana da sashen ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta. Abin da ya kai mu mai zaman kanta shi ne Auta da bakinsa ya ce zai je ko'ina amma ban da inda za a ce masa mahaukaci, kuma tunda shi ne ya buɗe baki ya ce zai je, ba mu so mu yi wasa da wannan damar ba.

Karɓar da suka yi mana ita ce ta fara kwantar min da hankali. Muna zama na fara zuba bayani kamar yadda babban wa zai yi, sai likitan ya ɗaga min hannu cikin ladabi ya ce, "Yallabai ka yi haƙuri, bari in fara ji daga bakinsa." Ya juya kujerarsa ya fuskanci Auta, ya tambaye shi me yake sha, guda nawa, da ƙarfe nawa, yaushe ya sha na ƙarshe, babu zagi babu wa'azi, kamar mai tambayar zazzaɓi. Yaron da ya shekara yana rantse mana da Allah ba ya shan komai, sai ga shi yana lissafowa da yatsu kansa a ƙasa. Suka yi masa gwajin fitsari a gabanmu, nas ɗin ta nuna min cewa tiramol tana da nata layin gwajin daban, irin kit ɗin da mutane ke saya su gwada 'ya'yansu a gida da yawa ba sa kama ta in ba an sa ta a ciki ba, to iyaye masu gwaji a gida ku duba kwalin da kyau kafin ku ce yaronku lafiya lau yake. Sun ɗebi jini kuma don duba hanta da ƙoda da ciwon hanta da ƙanjamau, suka karɓe waya da bel da kuɗin aljihunsa suka rubuta a littafi muka sa hannu.

Wani abu da likitan ya faɗa a ranar ya tsaya min a rai. Mu duk tsoronmu a kan tiramol yake, shi kuwa ya ce rochin ce ta fi ba shi tsoro wajen dainawa, domin irin waɗannan ƙwayoyin barcin in jiki ya saba da su aka yanke lokaci guda, mutum zai iya kamuwa da jijjiga mai tsanani har ya rasa ransa, dole a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan likita na kallo. Ina jin haka na tuna da masu kulle yaro a ɗaki su ce ya yi ta ihu har ta sake shi. Wallahi ganganci ne babba, kuma in wajen da za ku kai ɗanku ba shi da likita mai duba wannan, kar ku bar shi ya kwana a can ko da kyauta ne.

Makon farko ba a ziyara, sai dai su kira ka a waya su faɗa maka halin da ake ciki, kuma sun riƙa kira, a nan ban ga laifinsu ba. Da aka buɗe mana ziyara na same shi zaune a kan benci a tsakar gida ya lulluɓe da bargo alhali rana ake ƙwallawa, hancinsa na yoyo, yana ta hamma ba ƙaƙƙautawa hawaye na zuba, ƙafarsa ɗaya tana rawa ya kasa tsayar da ita, ya kama hannuna da hannunsa mai sanyi da gumi ya ce, "Yaya don Allah ka tafi da ni, ƙashina ake sara, na yi maka alkawari ba zan ƙara ba." Sistar da ke wajen ta riga ta gaya min zai faɗi haka, ta ce gudawa da amai da ciwon gaɓoɓi da rashin barci duk na hanya ne, ita tiramol ma har da fargaba da faɗuwar gaba take bari domin ba ciwo kaɗai take taɓawa a ƙwaƙwalwa ba, tana taɓa wajen walwala ma. Suna ba shi maganin gudawa da na ciwon jiki da ruwa, suna auna hawan jininsa safe da yamma. Na bar wajen nan zuciyata na tafasa, Umma ma ban iya ba ta labarin yadda na gan shi ba, na ce mata dai yana samun sauƙi.

Shirin nasu na wata uku ne, kuma da farko na zata dabarar cin kuɗi ce, amma likitan ya ce binciken da cibiyar nazarin shaye-shaye ta gwamnatin Amurka ta tattara ya nuna maganin da bai kai kwana 90 ba amfaninsa kaɗan ne ga yawancin mutane. Fitar da ƙwaya irin tiramol daga jiki mako ɗaya zuwa biyu ne, sauran lokacin duk na gyaran tunani ne. Suna tashi sallar asuba a jam'i, motsa jiki, karin kumallo, sai zaman rukuni inda kowa ke faɗin nasa, da yamma ƙwallo, akwai malami mai zuwa yana musu karatu da nasiha, kuma na ji daɗin yadda malamin da likitan ba sa karo, malam bai taɓa cewa a bar magani a koma rubutu ba, likita bai taɓa raina addu'a ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani littafin rubutu mai bango ja da suka ba kowannensu, na aikin da suke kira CBT, wato koya wa mutum gyara tunaninsa da ɗabi'arsa ta hanyar tattaunawa. Auta ya nuna min nasa. Mai ba su shawara ya sa shi ya zana ranarsa tun daga tashi, ya yi alama a duk inda ƙwaya ke shigowa: ƙarfe shida a wajen mai shayin tasha, kemis ɗin da ke kwanar unguwa wanda ba sai ya yi magana ba ake miƙo masa, lokacin da ya haɗa balans ragowar kuɗi na aljihu, daren da ya yi faɗa da Baba, majalisar su wane bayan isha'i. A gaban kowanne ya rubuta abin da zuciyarsa ke raya masa a lokacin, irin su "guda ɗaya ce kawai", "in ban sha ba ba zan iya aiki ba", sannan a gefe ya rubuta amsar da zai ba kansa da abin da zai yi a madadin haka. Sun koya masa cewa kwaɗayin in ya taso ba ya dawwama, hawa yake ya kai ƙololuwa ya sauka, in ya iya daurewa ya tashi daga wajen, ya yi alwala, ya kira wani, zai wuce. Har gwaji suke yi a tsakaninsu, ɗaya ya zama tsohon aboki mai miƙo ƙwaya yana cewa "haba mutumina yau ɗaya", ɗayan ya koyi yadda zai ce a'a ya juya ya tafi ba tare da dogon bayani ba. Mai ba da shawarar ba ya ce musu ku daina haramun ne, duk sun san haramun ne, tambayarsu yake me ƙwayar ta ba ka, me ta ƙwace maka, ina kake so ka ga kanka nan da shekara biyu, har sai mutum ya faɗi dalilin dainawarsa da bakinsa.

Amma in za a ce in zaɓi abu ɗaya da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba, zaman iyali ne, kuma sharaɗin da na ambata tun farko a nan yake. Duk bayan mako biyu suna tara iyaye da 'yan uwa ranar Asabar, kuma abin baƙin ciki kujeru da yawa wayam suke zama, mutane sun biya kuɗi sun ajiye yaro sun tafi sai ranar ɗauka. Mu mun je, ni da Umma, daga baya da kyar muka shawo kan Baba. A zaman ne mai ba da shawarar ya tambayi Umma a hankali, "Hajiya, in ya zo ya ce mashin ya lalace ko mai mashin zai ƙwace, me kike yi?" Ta yi shiru, can ta ce takan kwance bakin zani ta ba shi, kuma takan ɓoye wa mahaifinsa, har 'yan kunnenta ta taɓa sayarwa ta biya masa bashi don kar a ji a unguwa. Tana faɗa tana kuka. Bai ɗora mata laifi ba ko kaɗan, ya ce mata ƙauna ce ta sa, amma daga yau in yana jin yunwa a ba shi abinci, in ba shi da lafiya a kai shi asibiti a biya a can, kuɗi a hannu dai a'a, kuma bashin da ya ci shi zai biya da guminsa. Baba kuma aka roƙe shi ya daina kiransa ɗan ƙwaya a gaban ƙannen unguwa, ya daina cewa na cire ka daga 'ya'yana, domin kunya da jin an yar da mutum suna cikin manyan abubuwan da ke mayar da shi ruwa. Ranar ce na fara ganin Baba ya dafa kafaɗar Auta tun yana yaro.

A wannan zaman suka gaya mana gaskiyar da babu mai son ji, cewa cikin waɗanda suka yi magani kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari sukan sake taɓawa, kusan kamar yadda masu hawan jini da asma ciwonsu ke tashi in an yi sakaci, kuma in hakan ta faru ba ya nufin kuɗi ya tafi a banza, ana komawa ne a gyara shiri. Suka ƙara da gargaɗin da nake roƙon kowa ya riƙe: wanda ya yi watanni bai sha ba jikinsa ya manta da ƙwayar, in ya koma ya haɗiye adadin da yake sha a da, numfashinsa zai iya tsayawa, musamman in ya haɗa da ƙwayar barci ko siraf ɗin tari mai kodin. Makonnin farko bayan sallama su ne mafi haɗari. In aka ga mutum ya yi barcin da ba ya tasuwa, numfashi na ja a hankali, leɓe ya canza launi, asibiti za a ruga da shi nan take, ba a jira ya farfaɗo.

To bari in zo kan inda suka gaza, domin akwai, kuma ba ƙanana ba ne.

Kuɗi dai na farko. Na wata ɗaya ya ninka mafi ƙarancin albashin nan na dubu 70 sau da yawa, kuma ba wannan ne ya ɓata min rai ba tunda na sani kafin in shiga, ƙarin da ke biyo baya ne, yau kuɗin gwaji, gobe kuɗin magani, jibi kuɗin dizal, abubuwan da ba a rubuta a takardar farko ba. Talaka ba zai iya ba, gaskiya kenan. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce 'yan Najeriya miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a cikin shekara guda, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin ne, to in ka ɗora wannan adadin a kan gadajen da na ƙirga a gidan nan sai jikinka ya yi sanyi. Binciken ya kuma ce cikin kowane mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce, amma na ga wata baiwar Allah ta zo da 'yarta a bakin get aka ce mata ba su da sashen mata, ta tsaya tana tambayar maigadi to ina za ta kai ta. Tun da gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018 mutane suka ɗauka matsalar mata ta ƙare, ba ta ƙare ba, cikin ɗaki ta koma.

Likitan ƙwaƙwalwar da na yaba ba kullum yake nan ba, wasu ranaku yake zuwa a mako, sauran lokaci nas ce da masu tsaro. Masu tsaron dare kuwa a ganina ba su da horo, Auta ya ce akwai mai daka musu tsawa kamar fursunoni, bai taɓa ganin an daki kowa ba amma zagi kam ana yi, na kai ƙara aka ce za a duba. Suna kuma haɗa wanda wiwi ta taɓa masa ƙwaƙwalwa yana surutai da daddare da wanda ke fama da rashin barci a ɗaki ɗaya, wannan bai dace da kowannensu ba. Abinci ba yabo ba fallasa, shinkafa da wake sun yi yawa, mutumin da ke dawowa daga rama yana buƙatar fiye da haka. Ɗakin koyon sana'a da suka nuna mana ranar farko, kekunan ɗinki ne a lulluɓe da ƙura, har ya fito ban ji an koya musu komai a ciki ba.

Babbar gazawarsu ita ce bayan sallama. Sun yi mana alkawarin bibiya, abin da muka gani kiran waya ne jefi-jefi a watan farko daga nan shiru, ba wani zaman tsofaffin ɗalibai, ba ranar dawowa ganin likita in ba ka sake biya ba. Auta ya zame sau ɗaya bayan ya fito, a wajen bikin wani abokinsa, kuma shi da kansa ya zo shagona washegari ya ce, "Yaya na taɓa jiya," wanda a da ko da wuƙa a wuya ba zai faɗa ba, wannan kam aikinsu ne na yarda. Amma da na kira su a ranar abin da suka fara kawowa shi ne a dawo da shi wani wata ukun. Ba mu mayar da shi ba. Muka buɗe masa kati a sashen ƙwaƙwalwa na asibitin gwamnati, yana ganin likita lokaci-lokaci da kuɗi kaɗan, ya ajiye adaidaita gaba ɗaya tunda tashar ce kan gaba a littafinsa mai jan bango, yanzu gyaran waya yake koyo a Farm Centre wajen wani amintaccen mutum da ya san halin da ake ciki, layin wayarsa ma sabo ne. Barcinsa bai gama daidaita ba har yau, wasu ranakun yakan tashi ba walwala, likita ya ce sai a hankali.

Wanda zai je irin wannan wajen, kafin ya biya ko sisi ya nemi a zagaya da shi har ɗakin kwana da banɗaki, in aka hana shi ya kama gabansa. Ya tambayi sunan likitan da ranakun zuwansa da wanda ke kwana da su, ya tambayi asibitin da suke kai mutum in jijjiga ta kama shi da tsakar dare da motar da za ta kai shi, ya sa a rubuta masa duk abin da kuɗin ya ƙunsa, ya tambaya ƙarara ko suna ɗaure mutane, domin dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023 ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 kuma ta ba marasa lafiya haƙƙoƙi. Ya kuma tabbatar akwai wanda zai riƙa zuwa zaman iyali daga gida, uba in da hali, in ba wanda zai je gara a kai kuɗin asibitin gwamnati. Ranar sallama kuma kar ya fito sai da takarda a hannu mai ɗauke da abin da aka gano da magungunan da aka ba shi da adadinsu, mu sai da na koma na matsa kafin suka rubuta mana, kuma ita ce abu na farko da likitan asibitin gwamnatin ya nema.